Kwaleji ko Gareji: Ina Ya Fi Dacewa a Koyi Kanikanci?

Yaron gareji tun ranar farko yake riƙe sifana. Kunnensa ne ke fara gogewa: daga ƙarar inji kaɗai zai gane ko bel ne ya saki. Kuɗin koyo kaɗan ne, wani lokaci har na kashewa yake samu. Sai dai iliminsa bai cika wuce na maigidansa ba, kuma duk motar da aka kawo, ita ce darasin ranar.

A kwaleji kuwa da allo ake farawa, difloma takan ci shekara 2. Nan ake koyon karanta taswirar wayoyi da auna lantarki, abin da motar yanzu ta fi buƙata. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tsarin gano matsala na OBD-II, wanda ake jona wa na'ura ta fito da lambar matsala. Amma lambar alama ce kawai. Wanda bai san aikin sensa ba, wato 'yar na'urar da ke auna yanayin mota tana sanar da kwamfutarta, sai ya yi ta canja kaya lafiyayyu. Batirin mota mai lantarki kuma yana ɗauke da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan volt, ba wurin gwaji ba ne.

A ganina kwaleji ta fi, muddin ɗalibin zai riƙa shiga gareji lokacin hutu, don wasu sukan gama hannunsu bai saba da baƙin mai ba.