Serotonin ko BDNF: wanne ya fi bayyana ciwon damuwa?

Hajiya, kin ce likita ya rubuta wa ƙanwarki fluoxetine, maganin ciwon damuwa, ya ce kada a sa ran ganin sauyi sai an kwashi makonni. Ke kuwa kin karanta cewa ƙarancin serotonin ne ke kawo ciwon, sai ga shi kin ci karo da wani abu wai shi BDNF, kina tambayar wanne ne daidai, kuma me ya sa maganin ke ɗaukar makonni. Bari in jera miki su.

Bayanin serotonin shi ne tsoho. Tun 1967 wani likita a Ingila, Alec Coppen, ya alaƙanta ciwon damuwa da wannan sinadari da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. Maganar tana da sauƙin faɗa: abu ya yi ƙasa, magani ya ɗaga shi. Ta ƙara bazuwa bayan da Amurka ta amince da Prozac a 1987, wato fluoxetine ɗin da ƙanwarki ke sha. Sai dai tana da giɓi, kuma tambayarki ta taɓo shi. Maganin yana ɗaga serotonin cikin sa'o'i kaɗan, amma mara lafiya sai ya yi mako biyu zuwa shida kafin ya ji dama. In ƙarancin ne kawai, me ake jira?

BDNF kuwa furotin ne da ke raya ƙwayoyin jijiya, ya sa su fitar da rassa, ya ƙarfafa mahaɗar da ke tsakaninsu. A 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka tace shi a Jamus daga ƙwaƙwalwar alade. A 1995 aka gano cewa ɓeran da aka takura wa, BDNF ɗinsa yana raguwa a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna abubuwa. A shekarar kuma Ronald Duman da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka nuna maganin damuwa yana ɗaga shi, amma sai an yi mako uku ana ba ɓerayen. Sha ɗaya bai yi ba. Nan jiran ya samu dalili. Kamar taki ne, ba ranar da aka zuba ake ganin shuka ta miƙe ba. Ketamine ma, wanda asibitocinmu suka sani a matsayin allurar barci ta tiyata, yana kawo sauƙi cikin sa'o'i ga wasu masu ciwon, kuma a ɓerayen da aka cire wa BDNF wannan tasirin ba ya samuwa.

A ganina bayanin BDNF ya fi ƙarfi, amma shi ma kada a ɗora masa kayan da ba zai ɗauka ba. Mafi yawan hujjarsa daga ɓeraye take. A 2006 rukunin Eric Nestler ya nuna cewa a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi abin juyewa yake: BDNF a can yana taimaka wa ɓeran da aka zalunta ya riƙa gudun 'yan'uwansa. A jinin mutane kuma ana samunsa ƙasa-ƙasa a masu damuwa, haka ma a masu ciwon bipolar, wanda ke kai mutum zumuɗi ya dawo da shi damuwa, har lokacin da suke cikin zumuɗi. Don haka ba ya bambance wa likita wannan ciwon da wancan, kuma babu awon jininsa da ake tabbatar da cutar da shi. Wanda ya tallata miki ƙwayar ƙara BDNF a Facebook, riƙe kuɗinki.

Su biyun ma ba kishiyoyi ba ne, masu bincike da yawa na ganin serotonin ne ke fara aikin, BDNF ya ƙarasa. Ƙanwarki ta ci gaba da shan maganin yadda aka rubuta, kada ta yanke shi da kanta ko da ta ji sauƙi. In ta samu ƙarfin jiki ta riƙa ɗan tattaki, motsa jiki ma yana ɗaga BDNF. In mako shida ya wuce babu sauyi, ko ta fara zancen gajiya da rayuwa ko da gobe ne, ku koma wurin likitan.