Fir'auna ba ya Tahrir, ba ya kuma sabon gidan tarihin Giza

Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a dace da likita. Ka ce za ku Alƙahira kai da ita da maiɗakinka da yara uku, babbar mai shekara 13, na tsakiya 9, auta 5, kuma kwana biyu kacal za su rage muku tsakanin gwaje-gwaje da karɓar sakamako. Ka ce Hajiya ta kafe ba za ta dawo gida ba sai ta ga Fir'auna da idonta. Tambayarka ita ce wanne za ku zaɓa, tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir ko sabon nan da ke kusa da dala, wanda hotunansa suka cika wayoyi.

In don Fir'auna ne, babu ko ɗaya a cikinsu. Gawarwakin sarakunan suna wani gida na uku a unguwar Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira. A Tahrir suke a da, shi ya sa duk wanda ya je kafin 2021 zai rantse maka a can ya gan su, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ranar 3 ga Afrilu 2021 da dare aka kwashe su, sarakuna maza 18 da mata 4, kowa a motarsa, da faretin sojoji da harba bindiga, aka mai da su Fusɗaɗ. Ni kaina sai da wannan ya ci ni. 'Yan watanni bayan an kwashe su na yi wa wani dattijo rakiya, muka ce wa mai tasi "mathaf" kawai, wato gidan tarihi da Larabci, ya sauke mu a Tahrir, ni kuma hankalina bai kawo ba sai da muka yanki tikiti muka hau bene. Dattijon bai ce min komai ba, kallon da ya yi min ya wadatar. Don haka ka riƙe sunayen yadda direbobi ke faɗa: na Fusɗaɗ "Mathaf al-Hadara", sabon na Giza "al-Mathaf al-Kabir", tsohon kuma "Mathaf at-Tahrir".

Na Fusɗaɗ shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ne ya fi dacewa da mai jinya. Zaure ɗaya ne babba a sama, mai sanyi, an jera kaya daga zamanin da ake sassaƙa dutse har zuwa zamanin Kiristocin Kibɗawa da na Musulunci. A nan Hajiya za ta ga wani yanki na rigar Ka'aba, don shekaru aru-aru Masar ce ke saƙa ta tana aikawa Makka, da kuma darbukar da ake ɗora wa raƙumi tana rakiyar ayarin. Daga tsakiyar zauren ake gangarawa ƙasa, inda aka rage haske, bango baƙi, hanya na karkacewa kamar cikin kabari. Kowane sarki na kwance cikin akwatin gilashi, an lulluɓe shi da lilin, yawancinsu fuska a waje. Ba a ɗaukar hoto a nan, kuma masu gadi ba sa wasa da wannan. Ka gaya wa 'yarka babba tun a mota, kada a yi abin kunya.

Wanda kowa ke tsayawa a kansa shi ne Ramsis na Biyu. Ya yi shekara 66 yana mulki, ya mutu yana wajen shekara 90. Za ka ga dogon hanci mai lanƙwasa, wuya siriri kamar na zakara, sauran gashi a gefen kai ya yi ja-ja, hannuwa a gicciye bisa ƙirji, farce na nan. An gano shi a 1881 a wani ɓoyayyen kabari kusa da garin Luksor a kudancin Masar, a 1976 kuma aka kai shi Faris aka yi masa maganin fumfunar da ta fara cin jikinsa. Kusa da shi akwai mahaifinsa Seti na Ɗaya, wanda fuskarsa ta fi ta kowa kama da ta mai barci, da ɗansa Marniftah.

Ga inda ya kamata ka shirya amsa, don Hajiya za ta tambaya wanne ne na Annabi Musa. Ba za ka ga allon da ya faɗi haka ba. Fir'auna laƙabi ne, kamar mu ce sarki, kuma Alƙur'ani bai ambaci sunansa na yanka ba, aya ta 92 a Suratu Yunus ta ce dai an tsirar da jikinsa don ya zama aya. Masu bincike wasu sun karkata ga Ramsis, wasu ga Marniftah, wasu ga wani daban. Alherin abin shi ne biyun da aka fi zato duk suna ɗaki guda, tsakaninsu taku kaɗan. Yara kuma ga abin da zai kama su: da kanwa aka busar da gawarwakin nan. Dangin wadda ake jefawa a miyar kuka, su daga wani kwari da ake kira Wadi Naɗrun suke haƙo tasu. A cire kayan ciki, a binne jikin cikin kanwa kwana 40, a naɗe da lilin, aikin duka kwana 70. Yaron da ya ji wannan ba zai manta ba, ko da ya manta sunan kowane sarki.

Auta mai shekara 5 dai, ni da zan bar shi a sama da mahaifiyarsa, in kun fito ita ta shiga. Gawa gawa ce, kuma duhun wurin kaɗai ya isa ya hana yaro barci. Awa biyu ta ishe ku gidan gaba ɗaya. A waje akwai tafkin Ainus Sira da wurin zama, kuma masallacin Amru bin As, na farko da aka gina a Masar bayan Musulmi sun shigo wajen 641, tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Sai ku yi azahar a can.

Sabon na Giza wata duniya ce daban. An buɗe shi a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025 bayan an shafe kusan shekara 20 ana gini, kuma tazararsa da dala wajen kilomita 2 ce. Da shigarka za ka yi karo da gunkin Ramsis na dutse, tsayinsa mita 11, nauyinsa tan 83. A da yana tsaye ne a dandalin tashar jirgin ƙasa, hayaƙin motoci na cinsa, aka ɗauko shi a 2006. Shi ya sa ma na fi so ku fara da Fusɗaɗ: wanda ya ga ƙanƙanin tsohon da ke kwance jiya, yau ya ɗaga kai ya ga yadda ya sa aka sassaƙa shi, ba ya bukatar mai yi masa bayani. Daga nan matakala ce mai faɗi, gumakan sarakuna jere a kanta, in ka kai ƙarshe sai ga dala ta cikin gilashi. Kada matakalar ta tsorata ka saboda Hajiya, akwai na'urar da ke hawa da mutum a gefe, kuma ginin an yi shi da tunanin mai keken guragu.

Abin da ya tara mutane a nan kayan Tutankhamun ne, yaron da ya hau mulki yana wajen shekara 9, sa'an ɗanka na tsakiya ke nan, ya mutu bai cika 20 ba. Ba wani babban sarki ba ne, sai dai ɓarayi ba su wawashe kabarinsa ƙarƙaf ba, har Baturen Ingila Howard Carter ya gano shi a 1922. Kaya fiye da 5,000 aka fitar, kuma sai yanzu aka jera su duka a wuri guda: fuskar zinariya mai nauyin kilo 10, gadaje, kekunan doki, takalma, sandunan dogarawa, allon dara irin tasu, har da kujerar da ya zauna a kai yana yaro. Gawarsa ba ta nan, tana kabarinta a Luksor, kada wani ya ruɗe ka. Akwai kuma jirgin ruwan sarki Khufu na katako, tsawonsa ya haura mita 40, shekararsa kusan 4,500, da wani sashe da aka ware don yara.

Aibinsa girma. Ƙafa na shan wahala, kuma yara sukan gaji tun kafin a kai ga abin da aka zo gani, don iyaye sun tsaya ɗaukar hoto a gindin kowane gunki. Ku wuce kai tsaye wajen Tutankhamun tun ƙarfi na jiki, sauran in an samu hali. Tikitinsa ya fi na sauran biyun tsada nesa ba kusa ba, abincin cikinsa ma haka, sannan yana bakin gari ne, in masaukinku na wajen Madinatu Nasar ne sai kun ratsa birnin daga gabas zuwa yamma, cunkoson Alƙahira kuwa ba ya jin Salamu alaikum. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri.

Tahrir, in faɗi gaskiya, shi na fi so, kuma shi zan ce ku bari. Jan gini ne da aka buɗe a 1902, hawa biyu, kaya cunkushe cikin tsofaffin akwatunan katako, wasu da takardar bayani da aka buga da tafireta tun zamanin Turawa. Har yanzu akwai dukiya a ciki, musamman akwatin gawa na azurfa zalla da fuskar zinariya daga kaburburan Tanis, da kayan Yuya da Tuya, iyayen kakar Tutankhamun. Yana kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tashar Sadat ake sauka. Amma da zafi a ciki lokacin bazara, wurin zama kaɗan ne, kuma abubuwa biyun da mutanenmu ke zuwa dominsu, gawarwakin sarakuna da kayan Tutankhamun, duk sun tashi. Wannan na wanda ya zo shi kaɗai ne, ba mai jinya ba mai goyo.

Dala ba ka tambaya ba, amma yara za su tambaya. Ku je da sassafe ranar da za ku sabon gidan, kafin rana ta ɗaga, don babu inuwa ko ta sisin kwabo. Ku tsaya a gindin babbar, ku ga dutse ɗaya ya kusa kai wa babba kafaɗa, ku leƙa Abul Haul mai kan mutum da jikin zaki, ku wuce. Shiga ciki tikiti ne daban, hanyar ƙunci ce, a duƙe ake hawa, ƙarshenta ɗaki ne da akwatin dutse babu komai a ciki. Hajiya kam a'a. Masu raƙuma da dawaki kuma, a yi ciniki a gama kafin yaro ya hau, a fayyace kuɗin na mutum nawa ne, da fam ɗin Masar ne, kuma har da saukowa. Wanda ya miƙo maka rawani ya ce kyauta ne, ka ce "shukran" hannunka na aljihu.

Da ni ne, ranar farko Fusɗaɗ da safe, masallacin Amru, a koma masauki Hajiya ta huta, da la'asar sakaliya a tafi lambun Azhar. Juji ne na ɗaruruwan shekaru aka mai da shi lambu a 2005, akwai ciyawa da maɓuɓɓugan ruwa da wurin wasan yara, kuma daga kan tudun ana hango ganuwar Salahuddin da hasumiyoyin tsohon birni, in magariba ta yi kiran salla na tasowa ta kowace kusurwa. Rana ta biyu dala da sabon gida, kada a ƙara komai a kai. In ɗaya daga cikin ranakun ta faɗo Juma'a ko Asabar, ranakun hutunsu ke nan, to ka ba ta Fusɗaɗ, ka ajiye Giza ga ranar aiki.

Ka tafi da katin banki da ka tabbatar yana aiki a waje, don wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, kuma farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. Fasfo ɗin yaran ma ya kasance a jaka, ana rage wa yara da ɗalibai, auta kuwa da yake bai kai 6 ba yawanci kyauta yake shiga. In tafiyar ta kama Disamba ko Janairu, a sa wa Hajiya rigar sanyi mai kauri a akwati, iskar Giza da safe ta fi hunturun Jos cizo.