Lexus ES 350 ko Marsandi E350: Wacce Za Ka Iya Riƙewa?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kuɗinka sun kai ka sayi ɗaya cikin biyu, Lexus ES 350 ta 2013 ko Mercedes-Benz E350 ta 2012, duka tokumbo daga Amurka, a Kano kake zaune, kana yawan zirga-zirga zuwa Abuja, kuma ita kaɗai za ta zama motar gidan. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta fi ɗaukar hankalina, amma bari mu fara da abin da ke ƙarƙashin bonet.

Dukansu injin V6 ne mai lita 3.5, sai dai kamanceceniyar ta tsaya a nan. Injin Lexus ɗin, wanda ake kira 2GR-FE, na Toyota ne tsantsa. Shi ne a cikin Camry mai silinda shida, da Avalon, da Highlander, da Sienna, da RX 350. Ita kanta ES ta 2013 a kan ƙashin Avalon aka gina ta. Ma'anar wannan a aljihunka ita ce, duk bakaniken da ya saba kwance Toyota ya san cikinta, kuma in ka shiga Kofar Ruwa neman famfon ruwa ko kwayil, ba za ka dawo hannu rabbana ba, har zaɓi za a ba ka tsakanin sabo da na gwanjo. Ƙarfinta doki 268 ne, giyarta shida, tayoyin gaba ke ja. An kuma ƙera ta ne don ta sha fetur na gama-gari.

Marsandin kuwa, wadda masu gyara ke kira W212, sai ka lura da shekara. Ta 2010 da 2011 injin M272 gare su, mai doki 268. Daga 2012 aka koma M276 mai doki 302, wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani. Ya fi ƙarfi, ya fi tattalin mai, amma ya fi tsantseni. Kamfanin ya ce a ba shi fetur mai inganci na sama, mu kuwa a gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, abin da ka samu shi za ka zuba. Ka tuna gurɓataccen man nan mai metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022? Irin wannan rana injin da ke da famfon matsi da nozul masu laushin rai shi ke fara kuka, kuma nozul ɗinsa ba abin da ake saya da kuɗin cefane ba ne.

A kan titi fa? Gaskiya ɗaya ce, Marsandi ta fi daɗin tuƙi. Tayoyin baya ke turawa, giyarta bakwai, kuma in ka hau hanya mai kyau ka sake mata, sai ka ji ta ƙara lafewa a ƙasa kamar an danna ta. Ƙofarta ma in ka rufe, ƙarar daban ce. Tana da na'urar da ke lura da yadda kake riƙe sitiyari ta yi maka gargaɗi in gyangyaɗi ya fara ɗaukarka, abin da mai tafiyar Abuja zai so. Lexus ba ta da wannan kuzarin. Ita shiru ce da laushi, kamar kana zaune a falo. Amma kujerar bayanta ta fi ta Marsandi sararin miƙe ƙafa nesa ba kusa ba, don haka in Hajiya da yara za su riƙa zama a baya, su Lexus za su zaɓa. Sauran kayan alatu, fata da rufin da ke buɗewa da kyamarar baya da manyan lasifikoki, ya danganta ga wadda ka samu, don ba kowace aka cika mata kaya daga kamfani ba. Dukansu kuma gajeru ne, in unguwarku na da kwazazzabai da damina za ka riƙa jin cikinsu na gugar ƙasa.

To, ga inda na ce hankalina ya tsaya. Marsandi ba mota ce mai yawan lalacewa ba kamar yadda ake yi mata sharri a majalisa. Matsalarta ita ce ba ta yafiya. Tana son baƙin mai mai lambar amincewa 229.5, ba wanda yaron gareji ya ɗebo daga jarka ba. Man giyarta ma kala biyu ne, ja a na farko-farko, shuɗi a na baya, kuma ba a haɗa su. Cikin akwatin giyar akwai wani faranti mai ƙwaƙwalwa da ke karanta gudun giya. In ya samu matsala motar sai ta maƙale a giya ɗaya, kuma canza shi sai da kwamfutar Marsandi, ba ƙaramar na'urar nan da kowa ke yawo da ita a aljihu ba. Makulli in ya ɓace, labari ne mai tsawo. Tana da ƙaramin batir na biyu da mutane da yawa ba su san da shi ba sai ya rubuta musu gargaɗi a allo. Duk waɗannan suna gyaruwa, akwai ƙwararru a Apo ta Abuja da Ladipo ta Legas, a Kano ma ba a rasa ba. Amma ka yi tunanin ta tsaya maka bayan Zariya da magariba. Wa za ka kira?

Na taɓa raka wani abokina ɗauko Marsandinsa daga wani gareji. Fanka ce ta daina juyawa, sai mai wayarin ya yi mata abin da ya saba yi wa tasi: ya haɗa ta kai tsaye, ya kuma ba da shawarar a cire tamostat a zuba ruwan famfo a lagireto. Kafin wata biyu fitilun allo sun kunnu kamar daren salla. Ba laifin motar ba ne. Lexus ma ba ta son wannan aika-aikar, kada ka yarda a yi mata, sai dai ita takan jure ta kai ka gida kafin ta nuna fushinta.

Kada kuma ka ɗauka Lexus waliyyiya ce. Famfon ruwan 2GR yakan fara tsiyaya in tafiya ta yi nisa. Fulogi uku na baya sai an ɗaga bututun iska na sama kafin a kai gare su, shi ya sa wasu ke canza uku na gaba su ce maka an gama. In dillali ya lallashe ka ka sauko zuwa ta 2007 ko 2008 don sauƙi, ka duba dashbod, nasu kan narke ya yi danƙo a rana, kuma ka tambaya ko an canza tiyon roban nan na baƙin mai da kan fashe a injinan farko. Sannan giyarta man WS take sha, ba kowane jan mai ba. Wani abu kuma, tsadar saye: saboda kowa ita yake nema, za ka iya biyan kuɗin Marsandin da ta fi ta ƙuruciya. Amma ranar da ka tashi sayarwa, kafin ka gama faɗa an kawo kuɗi, Marsandi kuwa sai ka yi ta jiran mai so.

Kowacce ka tsayar, da yawa cikin waɗannan motoci daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suke fitowa, irin su Copart da IAAI. Karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai harafi da lamba 17, a bincika tarihinta, sau da yawa har hotunanta kafin a gyara za ka gani a intanet. Wadda aka daka a bamba ba komai. Wadda ambaliya ta ci, gudu, musamman Marsandi da cikinta duk waya ne da ƙwaƙwalwa. Mitarta da mil take ƙirga, mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ke nan, kuma ana mayar da ita baya. Leƙa ƙarƙashin Marsandin ta baya ka duba tsatsa, don waɗanda suka zauna a jihohin da ake watsa gishiri kan ƙanƙara ƙarfen da ke riƙe tayoyin bayansu kan ruɓe. Takardun kwastan kuma a tantance su, a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kada a haɗa ka da wadda ta biyo daji.

Da kana da wata motar a gida, ko da tsohuwar Corolla ce, da bakaniken Marsandi da ka yarda da shi, da zan ce ka sayi E350 ka more, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tunda ita kaɗai ce, da ita za a kai yara makaranta kuma da ita za ka kama hanyar Abuja, ɗauki Lexus. In kuma zuciyarka ta ƙi, sai Marsandi, to ka ce wa dillalin kada ya tayar da ita kafin ka iso. Je ka da sassafe injin na sanyi, ka sa a murza makulli kana tsaye a gaban bonet. In ka ji kwaram-kwaram na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta daidaita, sarƙar injin ce ke magana, sai ka cire kuɗin gyaranta daga farashin tun kafin a kai ga la'ada.