Suwaitar Lonsdale da na saya a Ƙofar Wambai

Hunturu uku ke nan ina sa wannan suwaita, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na sani a kanta. A layin 'yan gwanjo na Kasuwar Ƙofar Wambai na same ta, ranar da aka fasa sabuwar dila ta Ingila. Ruwan toka ce, mai hula da aljihu guda a gaba. A ƙirji an rubuta LONSDALE da manyan baƙaƙe, ga zaki a sama, ga LONDON a ƙasa. Yaron shagon ya ce dubu shida, na taya huɗu, muka daidaita a biyar. "Yallaɓai, mai ita bai sa ta sau biyar ba," in ji shi. Da na juya cikinta na duba wuya da hammata, na ga gaskiya ya faɗa.

Ta fuskar aiki ba ni da abin cewa sai yabo. Yadin yana da kauri, cikinsa da laushi kamar bargo, yana tare iskar asuba idan na hau babur zuwa wurin aiki a watan Janairu. An wanke ta da hannu ba adadi, an shanya a ranar Kano, launin bai koɗe ba sai kaɗan a kafaɗa. Robar bakin hannu, wadda ita ce ke fara saki a yawancin suwaitocin da na taɓa saya, har yau tana kama wuyan hannuna. Rubutun ƙirjin bai tsattsage ba. Igiyar hular ce kawai babu tun a dila, na sa tela ya zura mini wata.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce ku je ku saya, shi ke nan. Amma bara aka tura ni kwas na wata uku a Hambug ta ƙasar Jamus, na tafi da ita a jaka. Wata Juma'a na sa ta da jaket a sama, ban ja zif ba. Bayan an idar da salla sai wani dattijo Bahaushen Kumasi, wanda ya fi shekara talatin a garin, ya kama hannuna ya ja ni gefe.

"Ɗana, ka san abin da ke ƙirjinka?"

Na ce, "Baba, sunan kamfani ne."

Ya kama gefen jaket ɗin biyu ya ɗan matso da su, har suka rufe baƙaƙe biyun farko da biyun ƙarshe. Abin da ya rage a tsakiya shi ne NSDA. Ya ce sunan jam'iyyar Hitila a taƙaice NSDAP ne, harafi ɗaya kawai ya rage. Ya ce lokacin da ya zo ƙasar, idan baƙar fata ya hango gungun samari masu askin ƙwal-kwabo da wannan rubutu a tashar jirgin ƙasa, sauya hanya yake yi. "Yanzu abin ya lafa ƙwarai," in ji shi, "amma mu da muka gani da idonmu, har yau gabanmu yana faɗuwa."

Jikina ya yi sanyi. A daren na zauna na bi tarihin kamfanin, kuma abin da ya fi ba ni tausayi shi ne sunan ba shi da wata alaƙa da waɗannan mutane tun asali. Wani tsohon ɗan damben zamani mai suna Bernard Hart ne ya kafa shi a Landan a 1960, yana sayar da safar dambe da kayan atisaye. Sunan kuwa na gidan sarautar Lonsdale ne, waɗanda kambun damben Birtaniya ke ɗauke da sunansu tun 1909. Muhammad Ali ya sa kayan Lonsdale, haka Henry Cooper. Sunan da baƙaƙen 'yan dambe suka yi gumi a cikinsa, shi ne masu ƙyamar baƙar fata suka wayi gari suka mayar tutarsu. Dalilinsu a fili yake: dokar Jamus ta hana nuna alamomin Nazi, wato na jam'iyyar Hitila, sai suka nemi hanyar da za su gane juna ba tare da ɗan sanda ya sami abin kamawa ba.

Daga shekarun 1990 abin ya bazu zuwa Holan da Beljiyam. A Holan har jaridu suka ƙirƙiro laƙabin "matasan Lonsdale" ga duk yaron da ke da ra'ayin ƙin baƙi, ko yana sa rigar ko ba ya sawa. Bayan kisan Theo van Gogh, mai shirya fina-finai ɗan Holan da wani matashi Musulmi ya kashe a Nuwamban 2004, lokacin da aka riƙa kai hari kan masallatai har aka ƙone wata makarantar Musulmi a garin Uden, laƙabin ya cika bakin kowa. Makarantu da gidajen rawa suka hana shiga da rigar. Ka duba halin mai shagon da ya zuba jarinsa ya cika kanta da wannan kaya. Uwa ba za ta saya wa ɗanta abin da za a koro shi daga makaranta saboda shi ba. Mutumin kirki ba ya son a yi masa kallon ɗan wariya. Su wa suka rage? Waɗanda suka ɓata sunan, kuma duk rigar da ka sayar musu ƙarin tabo ce.

Abin da ya sa na ƙara ganin girman kamfanin shi ne bai zaɓi kuɗin ba. Dillalinsu na Jamus ya daina ba shagunan masu wannan aƙida kaya, yana sane cewa ciniki zai faɗi, kuma ya faɗi, musamman a gabashin ƙasar. A 2003 suka fito da tallar da ke cewa Lonsdale na son kowane launi, da hotunan baƙaƙe da sauran jinsuna. Daga baya suka ɗauki nauyin ƙungiyoyin wasa da aka sani da adawa da wariya, kamar Babelsberg 03 da Roter Stern Leipzig da sashen dambe na St. Pauli da ke Hambug ɗin da na je. Masu aƙidar suka yi fushi suka koma wa wasu sunaye, har aka ƙirƙiro wani mai suna Consdaple, wanda baƙaƙe biyar ɗin suka cika cif a tsakiyarsa. Duk da wannan ƙoƙari, a 2006 babban kamfanin sayar da kaya ta gidan waya, Quelle, sai da ya yi shelar cire Lonsdale daga kundinsa kafin ya janye maganar. Shekaru ana wanki, amma ga dattijo a ƙofar masallaci har yanzu yana kama hannun baƙo.

Ba su kaɗai abin ya faɗa wa ba. Fred Perry ya daina sayar da rigarsa baƙa mai ratsin rawaya a Amurka a 2019, saboda ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi ta Proud Boys ta mayar da ita kamar yunifom.

A Ingila kuwa labarin daban ne. Tun 2002 sunan yana hannun masu shagunan Sports Direct, ana sayar da kayan da araha, yara da manya suna sawa ba tare da wani tunani ba. Ina jin shi ya sa suke yawan fitowa a dilolinmu. A Kano ban taɓa ganin wanda ya kalli ƙirjina sau biyu ba.

To ga shawarata ga mai son saye. Idan a gida za ka sa, ko Ingila za ka, ka ɗauka in ka samu mai kyau, kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Ka duba bakin hannu da cikin hula kafin ka biya. Idan Jamus ko Holan za ka, musamman ƙananan garuruwan gabashin Jamus, ka nemi mai ƙaramin tambari a gefe, ko kuma kada ka ɗora buɗaɗɗiyar jaket a kai. Ba don wani zai ɗauki Bahaushe ɗan Nazi ba, sai don akwai mutanen da rubutun ke tuna musu da daren da aka bi su da gudu. Ni ragowar kwanakina a Hambug na ninke ta na ajiye a ƙasan jaka, na sayi wata marar rubutu.

Da na dawo, ƙanena da ya buɗe ɗan shagon buga rubutu a riguna ya kawo mini sunaye uku na Turanci da yake son ya zaɓi ɗaya ya zama tambarinsa. Na ɗauko suwaitar na shimfiɗa a tabarma, na rufe baƙaƙen gefe da tafukan hannuna kamar yadda Baba ya yi mini. Muka rubuta sunayensa a takarda, muka riƙa rufe farko da ƙarshe muna karanta abin da ya rage, muka bincika kowanne a intanet. Har yanzu bai yanke shawara ba, ya ce zai ƙara da na Hausa guda biyu mu sake zama.