Lambun dashe na bakin fadama: abin da na sayo domin tsuntsaye da abin da na tarar

Lokacin da muka tare a gidanmu na Arkilla, tsakar gidan a shimfiɗe take da intalok tun daga bakin zaure har ƙofar ɗakin girki, babu ko tsiron ciyawa, kamar yadda ake yayi a sababbin gine-ginen Sakkwato. Wata azahar a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, na tarar da wata kurciya a gindin famfo ta saki fukafukai, bakinta a buɗe tana haki, tana jiran ɗigon ruwan da yake sauka jifa-jifa. Abin ya tsaya mini a rai, domin na taso a gidan da kukan kurciya ne yake tashin mutane bayan asuba, ga shi kuma na gina nawa gidan yadda tsuntsu ba ya samun ko wurin sauka. Da damina ta kama a watan Yunin 2022 sai na sa aka ɗaga intalok ɗin kusurwar gabas, na nufi wani lambun sayar da dashe da ke gefen gari ta wajen fadamar Rima. Na ci gaba da hulɗa da wannan lambu har damina uku, kuma a kansa nake wannan bayani domin wanda yake da irin niyyata.

Wanda ya tsaya a bakin titi ya kalli lambun zai ɗauka ba shi da bambanci da sauran. Abin da aka jera a gaba cikin baƙaƙen ledoji shi ne kayan da suka fi tafiya: dogon yaro, da turare, da dogayen itatuwan nan masu siffar mashi da ake jerawa a jikin katangar manyan gidaje, da furanni kala-kala, da ciyawar shimfiɗa wadda ba ta rayuwa sai da ban-ruwa safe da yamma. Kusan dukkansu baƙi ne a ƙasar nan, domin dogon yaro daga Indiya aka kawo shi, turare kuma daga Ostareliya. Yaron da ya tare ni bai tambayi abin da nake so ba, nan take ya fara lissafa mini farashin waɗannan, kuma da na biye masa da na koma gida da kayan ado zalla. Sai da na ce masa itatuwan da tsuntsaye suke so nake nema, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira mai lambun.

Dattijo ne da ya manyanta, hannuwansa duk taɓo. Bayan mun gaisa ya ce, “Ranka shi daɗe, mi kaka biɗa?” Na ce, “Baba, so nake tsuntsaye su dawo gidana.” Bai yi mamaki ba, kuma bai yi mini dogon jawabi ba. Ya tambaye ni faɗin wurin, da nisansa daga ramin bayan gida, da ko muna da awaki, da ko ruwan famfo muke samu ko sayen ruwa muke yi wajen 'yan garuwa. Daga nan ya ja ni zuwa can bayan lambun, inda ya ajiye abin da ba kowa yake tambaya ba, wato magarya da kurna da aduwa da bagaruwa da gawo da kanya da tsamiya da ɗinya, da 'yan tsirarun kuka da baure. Darajar lambun duk a wannan lungu take, kuma abin takaici ne a ce an ɓoye ta a bayan kayan ado, alhali a garin da har unguwanni da wurare suke ɗauke da sunayen itatuwa, irin su Gawon Nama da Giginya.

Abin da ya fi sa na yarda da shi shi ne abin da ya hana ni saya. Na so ƙwarai in dasa baure ko cediya, domin na san babu itacen da yake tara tsuntsaye da jemagu kamar dangin baure idan sun yi 'ya'ya, amma ya ce saiwarsu za ta bi danshi ta fasa mini rami da harsashin katanga kafin 'ya'yana su girma. Haka ya hana ni gawo, duk da yabon da ya yi masa, ya ce itacen gona ne da fili, gida irin nawa ba zai ɗauke shi ba. Gawo kuwa ya cancanci yabon, domin shi ne itacen da yake zubar da ganye da damina ya kuma yi kore shar da rani, lokacin da sauran suka bushe, saboda haka ƙananan tsuntsayen da suke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wajenmu suke samun ƙwarin da za su ci a jikinsa. Masu nazarin tsuntsaye a yankin Sahel sun lura cewa irin waɗannan baƙi sun fi sauka a kan gawo da dangin bagaruwa da aduwa, ba su cika kula dogon yaro da turare ba. Ba ina aibata dogon yaro ba ne, inuwarsa ta rufa wa Sakkwato asiri shekara da shekaru, kuma jemagu da wasu tsuntsaye suna shan 'ya'yansa. Sai dai ganyensa mai ɗaci ba ya tara ƙwari sosai, kuma yawancin ƙananan tsuntsaye da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, ko da su kansu masu cin tsaba ne.

A ƙarshe na fito da magarya biyu, da aduwa ɗaya, da zogale huɗu, da lemun tsami ɗaya, da dashen lalle guda goma domin shinge. Kuɗin magarya ɗaya bai kai rabin na itacen adon nan mai siffar mashi ba. Ya kuma haɗa ni da kasko biyu na yumɓu, masu faɗi marasa zurfi, waɗanda yake sarowa daga wajen masu ginin tukwane, ya ce in zuba tsakuwa da 'yan duwatsu a ciki yadda kawunansu za su fito saman ruwa. Da nake biyan kuɗi ya tuna mini hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda yake nuna cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare ta, to sadaka ce a gare shi.

Kaskon nan, wanda shi ne mafi arha a cikin abin da na saya, shi ya fara biyan bukata. Itace sai an jira shi, amma ruwa a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu ba ya bukatar talla. Da bazara ta zagayo, na riƙa zama a bakin taga bayan sallar asuba ina kallon masu zuwa sha. Gwara ce take fara sauka, ta tsoma baki ta ɗaga kai sama ta haɗiye, ta sake tsomawa, sannan ta faɗa ciki ta karkaɗe jiki har ruwan ya fantsamu a ƙasa. Kurciya kuwa sai ta daɗe a kan katanga tana leƙe, sannan ta sauko ta nutsa bakinta ta zuƙe ruwan a jere ba tare da ta ɗaga kai ba, abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata sai a wannan kasko. Idan rana ta take, ƙudan zuma ne suke jeruwa a kan duwatsun suna sha, kuma a nan na gane hikimar tsakuwar, domin ranar da yarinyata ta kwashe duwatsun don ta wanke kaskon ba ta mayar ba, mun tsamo ƙudan zuma shida a mace. Hasbiya takan zo bibbiyu, kabare yakan zo da surutunsa, kuma sau biyu alhudahuda ya sauka yana caccakar ƙasa mai laima da dogon bakinsa, yara suka yi ta murna domin sun san labarinsa da Annabi Sulaimanu a makarantar allo.

Dole ne in yi gargaɗi a kan ruwan, domin mai lambun bai yi mini shi ba, kuma na ɗauki wannan a matsayin gazawa daga wajensa. Ruwan da ya kwanta matattarar sauro ne, kuma a irin zafinmu ƙwan sauro yana iya zama sauro mai tashi cikin kwana bakwai zuwa goma. Wanda zai ajiye kasko a gidan da yake da yara, a garin da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da mutane duk damina, wajibi ne ya zubar da ruwan ya goge kaskon duk bayan kwana biyu. Da damina ma ni kife su nake yi gaba ɗaya, tunda a lokacin tsuntsaye ba su rasa wurin sha ba.

Sauran kurakuran lambun sun fi wannan ɓata rai. Babu dashe ko ɗaya da aka rubuta sunansa, kuma yaran da suke ɗauko kaya ba su da idon maigidansu, saboda haka ɗaya daga cikin magaryar da na biya ta fito kurna, ban gane ba sai da ta yi watanni a ƙasa. Ban yi asara ba tunda 'yan uwan juna ne, amma wanda ya biya abu yana da haƙƙin a ba shi abin da ya biya. Aduwar kuma ta daɗe a leda har saiwarta ta nannaɗe kamar gammo, ta yi wata biyu tana fama sannan ta bushe. Da na koma na yi ƙorafi, dattijon ya ba ni wata ba tare da jayayya ba, ya kuma nuna mini yadda zan riƙa duba ƙasan leda kafin in saya, in guji duk wadda saiwarta ta huda ta kama ƙasa. Wannan na yaba masa. Abin da ban yaba ba shi ne aikin yaron da ya turo ya dasa mini, wanda ya zo a makare da kwana biyu, ya kuma zo rataye da tankin feshi yana shirin feshe wurin gaba ɗaya da maganin ƙwari, wai haka suke yi a kowane gida. Da ban kasance a tsaye ba, da ya kashe abin da nake ƙoƙarin tarawa tun kafin ya taru. Lambun yana sayar da irin waɗannan magunguna a kan tebur ɗaya da dashe, babu mai yi wa mai saye bayanin cewa feshin da ya kashe tsutsa shi ne yake kashe ƙudan zuma, kuma ƙadangare da bushiya da suka ci mataccen ƙwaron su ma ba su tsira ba. Da gara ta taso wa lallen, shawarar da dattijon ya ba ni ita ce in zuba toka a gindinsa in rage busasshen kara a kusa, kuma a wurina hakan ya wadatar.

A damina ta uku kusurwar ta zama wani wuri dabam. Zogale ya riga kowa tashi, kuma furensa fari yana jawo ƙudan zuma da wasu 'yan tsuntsaye masu lanƙwasasshen baki da suke tsotsar zaƙin fure. Magarya ta yi fure a ƙarshen damina, ta nuna da hunturu, muka raba 'ya'yan da tsuntsaye, kuma a cikin ƙayarta kurciya ta yi sheƙarta ta farko, inda kyanwar maƙwabta ba ta iya kaiwa. A kan lemun tsami na ga tsutsa tana cin ganye, na hana a taɓa ta, bayan makonni kaɗan muka ga manyan malam-buɗe-littafi masu baƙi da rawaya suna yawo a tsakar gida. Wata tumfafiya ta fito da kanta a jikin katanga, na bar ta saboda akwai malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da yake yin ƙwai a ganyenta, amma na ja kunnen yara a kan nononta domin yana cutar da ido. Ganyen da yake zuba ba mu ƙone shi, muna tara shi a can ƙarshen lungu, kuma wani dare da na haska fitila na ga bushiya tana tono a ciki, ta shigo ta wuriyar da ruwa yake fita. Uwargida ta nuna damuwa a kan kunama da maciji, kuma damuwarta a kan hanya take, shi ya sa tarin ganyen yake nesa da ɗakuna, hanyar wucewa take a share, ba mu kuma barin yara su sa hannu a ciki.

Ga wanda yake son gidansa ya yi kama da harabar otal, kowane lambu a bakin titi zai biya masa bukata, ba sai ya je wannan ba. Wanda yake son tsuntsaye da ƙudan zuma kuwa, ina ba shi shawara ya je, amma ya je a farkon damina, cikin Yuni ko Yuli, domin dashen ya sami ruwan sama ya kafu kafin iskar hunturu. Ya wuce yaran gaba ya nemi dattijon da kansa, ya faɗa masa girman gidansa da gaskiya, ya duba ganye da saiwar kowane dashe kafin a ɗora masa a keke napep, ya kuma faɗa tun a can cewa ba ya son feshi. Idan yana da awaki ya tanadi shingen ƙaya ko na waya tun kafin dashen ya iso. Na roƙi dattijon ya fito da magarya da aduwa gaban lambun ya rubuta sunayensu, ya ce mini masu saye ba sa tambayarsu, amma da na koma a watan Yulin da ya wuce na ga ledojin magarya guda biyar a jere a bakin ƙofa, kusa da kaskon yumɓu.