Hattara da masu "na'urar nano" da ke bin gidajen majinyata a Tawa

Jama'ar Tawa da kewaye, musamman masu jinyar wanda ƙafafunsa suka shanye, don Allah ku karanta ku tura wa ƴan'uwa.

Ɗan yayata ɗan kabu-kabu ne. Bara mota ta buge shi a hanyar Ƙonni, ƙashin baya ya karye, laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin ko tsinin allura. An yi masa aiki a Yamai, likita bai ɓoye mana komai ba, muka dawo gida da keken guragu da haƙuri.

Bayan Sallar Layya sai ga wasu mutum biyu, ɗaya sanye da farar rigar likita, wai wakilan wani asibitin ƙasar waje ne. Suka nuna wa yayata bidiyo a salula: ɓera yana jan ƙafafun baya a ƙasa, can kuma ga shi yana takawa. Suka ce akwai wata ƴar na'urar nano da ake dasawa a baya, tana tsirar da ƙwayoyin halitta na asali, wato waɗanda ke iya rikiɗewa su zama wasu ƙwayoyin jiki, jijiya ta haɗe. Mai farar rigar ya ce, "Hajiya, kafin kwana arba'in ɗanki zai je masallaci da ƙafarsa." Wace uwa ce za ta ji wannan ta zauna? Kuɗin miliyan biyu da rabi, kafin alƙalami jika ɗari biyar. Ta sayar da shanu biyu da albasar da ke cikin rudu, tun farashi bai tashi ba. Ni ba a gaya mini ba sai da aka gama, don sun gargaɗe ta cewa likitocin gida ƴan hassada ne.

A ɗakinsa, a kan tabarma, suka tsaga fatar bayansa suka tura abin suka ɗinke. Kwana tara sai zazzaɓi, wurin ya kumbura yana mugunya, shi kuwa ba ya ma jin zafin. A asibiti aka buɗe. Da idona na ga abin da aka ciro a cikin tasar ƙarfe: guntun roba baƙi, kamar ƙwayar shinkafa. Lambobin wayar mutanen nan biyu duka a kashe.

Abin da ya sa ƙaryar take kama mutane shi ne sun gina ta a kan bincike na gaske. A 2021 Farfesa Samuel Stupp da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun yi wa ɓerayen da lakarsu ta ji rauni allurar wani ruwa, wanda ke zama kamar raga ta zarurruka masu matuƙar siranta a wurin raunin, jijiya ta samu abin bi. Cikin mako huɗu ɓerayen suka soma tafiya. Amma ɓeraye ne, kuma kwana ɗaya bayan raunin aka yi musu allurar, yaronmu kuwa ya kusa shekara a kwance. Shi ma nano ɗin sunan ma'auni ne kawai: a raba mita ɗaya gida biliyan. Silin gashin kai ya kai kaurin nano wajen 80,000. To ta yaya abin da ido ke gani, kwance a ƙarƙashin fata, nesa da laka, zai zama shi?

A jikin mutane har yanzu gwaji ake yi. Jami'ar Keio da ke Tokiyo ta fara dasa ƙwayoyin halitta na asali a lakar majinyata a ƙarshen 2021. Mutum huɗu kacal aka yi wa, duka masu sabon rauni na ƴan makonni, kuma a sakamakon da aka bayyana a Maris 2025 biyu ne suka samu ci gaba sosai, ɗaya har ya iya miƙewa tsaye. Inda maganin ƙwayoyin asali ya tabbata tun da daɗewa shi ne dashen ɓargo, don cututtukan jini. Ko a Amurka ma an cuci mutane da sunan nan: a 2015 a jihar Fulorida wasu tsofaffin mata uku sun biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin a ido, ganinsu ya lalace.

Mun kai ƙara komisariya. Mai farar rigar dogo ne, yana sirka Hausa da Faransanci, ɗayan shi ke karɓar kuɗi kuma ba ya ba da rasit. Na ji suna tambayar gidajen masu shanyewar ɓarin jiki, don haka in sun zo muku kada ku bari su taɓa majinyaci, ku kira likitan da ya san ciwonsa, ku sanar da ƴan sanda.

Yaron ya koma wajen masu kine, wato masu motsa gaɓoɓin majinyata, ana juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Tsagar da suka yi masa har yau ana wanke ta safe da yamma.