Gargaɗi: na biya N480,000 aka yanka wa Fijon mahaifina sifirin da giranda

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna, musamman masu riƙe da tsofaffin motoci. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, saboda kunya. Abin da ya sa na sake shi yau, jiya da daddare ƙanena ya turo min wani sabon shafi a Facebook, sabon suna, sabuwar lamba, amma hoton motata ne a sama. Motata, a ƙofar gidana, bakaniken da ya damfare ni yana tallar aikinsa da ita. Tun lokacin ban runtsa ba.

N480,000. Ku riƙe wannan adadin. N250,000 kafin alƙalami, N150,000 wai kaya sun iso Legas, N80,000 wai na fito da su da na motar da za ta kawo su Kaduna. N480,000 cif, ban da kuɗin janwe, ban da tayar da ta fashe, ban da abin da zan kashe yanzu.

Motar Peugeot 504 ce ta marigayi mahaifinmu, ƙirar 1979, haɗin Kakuri. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da Fijo take nufi a wurinmu. Tun 1975 aka fara haɗa ta a nan, kusan kowace unguwa akwai wanda ubansa ko kawunsa ya ci abinci a wannan kamfani. Baba ya saye ta sabuwa dal yana aikin gwamnati, a cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka ɗauko Hajiya daga asibiti ranar da ta haifi autarmu. Da aka zo rabon gado na ce a bar min ita a cikin kasona. Shekara uku ina tayar da ita a hankali: inji, fenti, kujeru, wayarin. Sai na sa mata wili masu ɗan faɗi, sai bayanta ya fito fili a ɗage, don 504 haka take in ba lodi, an yi ta ne don hanyar burji da ɗaukar kaya. Tsakanin taya da jikin motar sai ka zura hannunka gaba ɗaya. Abin da nake so kawai a sauke bayan da santimita 4 ta zauna daidai kafin ɗaurin auren autarmu, don ita za ta ɗauki amarya. Ke nan. Ban ce a kwantar da ita ƙasa irin na yaran da ke wasan mota ba.

Kuma kada wani ya zo ya ce min ban san mota ba. Na san ba a yanka sifirin. Na san ba a gasa shi da wuta, don ƙarfen da aka yi wa horo a masana'anta, da zarar ya yi ja a wutar gas ya mutu, zai ci gaba da zama ne har ya karye. Na san in za a sauke mota irin wannan mai murɗaɗɗen sifirin a baya, gajeren sifirin ake sawa wanda aka ƙera shi haka, mai ɗan tauri fiye da na asali, tare da gajeren shokazoba, don in ka bar dogon zai riƙa dukan ƙarshensa. Na sani. Makanikai biyu na kora kafin shi saboda sun ce min a kawo giranda a gama cikin awa ɗaya. Saboda na sani ɗin ne ma ya same ni.

Ranar wata Asabar ya zo gidana bayan azahar, a Keke ya zo. Farar shadda ce a jikinsa. Bai nemi tabarma ba, kwali ya gani a gefen gareji ya shimfiɗa, ya cire hula ya miƙa wa yarona, ya shige ƙarƙashin motar da farar shaddar nan. Daga can ƙasa yake magana. Ya ce, "Alhaji, har yanzu bututun farfelarta na asali ne, ba a taɓa ta ba." Mutum nawa ne a yaran yanzu suka san farfelar 504 a cikin bututu take tafiya? Ya ce da fikof ce mai sifirin na faranti, da ƙarfe kawai za a saƙala tsakanin aksul da sifirin a sa dogayen ƙusoshi, amma wannan salun ce, nata daban. Gaskiya ya faɗa. Ya ce irin wannan motar ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. Wannan ma gaskiya ne. Ya fito ya ɗauko tef ya auna daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin motar, hagu da dama, ya rubuta a tafin hannunsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji, yankan sifirin a wurina haramun ne. Motar marigayi amana ce."

Motar marigayi amana ce. Wallahi wannan maganar ce ta kashe min jiki. Ban gaya masa ta marigayi ba ce sai da ya tambaya, kuma da na faɗa sai ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya ce shi ma mahaifinsa a Kakuri ya yi aiki har ya yi ritaya. Aka kira la'asar muka tafi masallacin unguwa tare, kafaɗarsa a jikin tawa. Da zai tafi na ba shi N5,000 kuɗin Keke, ya ƙi karɓa. Ya mayar min da hannuna ya ce, "Bari sai aiki ya yi kyau, Alhaji." Ku gaya min, wa zai ga wannan ya ce ɓarawo ne? Mutumin da ya ƙi karɓar N5,000. Ashe N480,000 yake hange.

A daren na tura N250,000. A'a, ba a daren ba, washegari Lahadi ne, don sai da ya turo min bidiyon wani kwali da jajayen sifirin guda biyu a ciki, wai wani yaronsa ne a Beljiyam ya ɗauka. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne. Na lura, kada ku ce ban lura ba, na tambaye shi. Ya ce na ƙanensa ne mai POS, nasa asusun yana da iyakar abin da zai shiga. Rabin mutanen da nake hulɗa da su a kasuwa haka suke yi. Na tura.

Maman yara ta ce min tun ranar farko ita hankalinta bai kwanta da shi ba, wai ladabinsa ya yi yawa. Na ce mata ba ta san harkar mota ba. Wannan maganar har yanzu ban iya komawa na kalle ta a kanta ba.

N150,000 ɗin bayan sati biyu ne, N80,000 kuma bayan kwana huɗu, ko biyar, yana cikin hirarmu dai, komai yana nan. Tsakanin nan kullum sai ya kira ni ya gaishe ni, ya tambayi jikin Hajiya. Ranar Juma'a har saƙon barka da Juma'a. Da ya ce kaya sun iso na ce ya kawo gida na gani da idona. Ya ce suna gareji, kuma aikin sai an hau rami, na kawo motar kawai. Wani fili ne a wani lungu bayan baifas, motoci a jere, yara suna aiki, suna ce masa oga. Na ga kwalin a kan benci an naɗe shi da salatif. Na kai hannu zan buɗe sai aka kira shi a waya, ya ja ni gefe yana nuna min wata Marsandi wai ta wani babban mutum ce. Ban koma kan kwalin ba. Nan ne wurin da nake ta komawa a raina, taku uku ne tsakanina da kwalin nan.

Kwana uku motar ta yi a wurinsa. Da na je ɗauka ta zauna yadda nake so, ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau. Na durƙusa na leƙa na ga jan sifirin yana ƙyalli, shokazoba ruwan ɗorawa. Na ce ina tsofaffin? Ya ce yaro ya kai su wanki zai kawo min gida. Shi ya tuƙo ta har ƙofar gidana, a nan ya ɗauki hoton da yake talla da shi yanzu.

Na manta ban faɗa ba, tun a hanya na ji tana ɗan dukan ƙasa in an shiga rami. Ya ce sabon sifirin ne, sai ya yi sati yana zama.

Kwana shida bayan nan na je tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ɗauko Hajiya da ƙannenta biyu sun dawo daga Abuja sayayyar biki. Mutum uku a baya, akwatuna a but. Tun daga tashar salansa take gogar duk wani tudun rage gudu. Muna hawowa babban titi na haye wani tudu, ba da gudu ba, wallahi ba da gudu ba, bayan motar ya ɗaga ya dawo, sai na ji ƙara kamar an jefar da tukunyar ƙarfe. Motar ta kwanta hagu, taya ta kama jiki tana hayaƙi, ta fashe. Da ƙyar na riƙe sitiyari na gangara gefe, wata tirela ta wuce mu tana hon. Hajiya salati kawai take yi. Da ta fito ba ta yi min faɗa ba. Ta dafa motar ta ce, "Shekara talatin babanku yana ɗaukata a motar nan ba ta taɓa yi min haka ba." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Janwe ya kai ta wurin wani dattijon bakanike a Panteka wanda tun zamanin 404 yake aikin Fijo, wanda da shi ya kamata na fara zuwa. Ya sa jak ya ɗaga bayan, sifirin na dama ya faɗo da kansa ba wanda ya taɓa shi, don ya gajarce har ba ya kama mazauninsa in taya ta sauka. Na hagu kuwa tun a titi muka tsinto shi. Baba, wato dattijon bakaniken, ya ɗauki makulli ya kankare jan fentin. Baƙin fenti na asali a ƙasa, wani wurin kuma ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi na ƙuna. Ya nuna min bakin da giranda ta ci, ko gogewa ba a yi ba. Ɗaya an cire masa zagaye biyu, ɗayan ɗaya da rabi, da suka ga motar ta karkace sai suka gasa mai tsawon da wuta har ya zauna. Shokazoba kuma nawa ne tsofaffi aka fesa wa fenti, ɗaya ya riga ya zubar da mai. Robar da ke tare jikin mota kada ya daki ƙarfe ma sun yanke ta don kada na ji duka da wuri. Baba ya ce, "Ɗana, wannan ai sifirin ɗin mahaifinka ne." Ban iya ce masa komai ba.

Wato na biya N480,000 aka lalata min kayan da suka yi sama da shekara 40 ba su gaza ba. Kuɗin gwangwanin fenti biyu da fefen giranda ɗaya. Kwalin nan da na gani ko me ke ciki, Allah masani.

Na koma filin. Mai wurin ya ce bai san shi da gareji ba, haya yake biya ta kwana in ya kawo aiki, yaran ma na wurin ne, ɗan abin shayi yake ba su su ce masa oga. Marsandin ta wani ce daban. Lambarsa a kashe tun ranar da abin ya faru, ya toshe ni a WhatsApp, tsohon shafin ya ɓace. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na rubuta wa banki, ana kan bin asusun. Shi ya sa ban sa suna da lamba a nan ba tukuna, an ce na dakata. Amma ina da komai: hoton hirarmu tun daga sallamar farko, rasit uku na kuɗin da na tura, bidiyon kwalin, muryarsa yana cewa haramun ne, da hoton sifirin ɗin an kankare. Da zarar an ba ni dama zan zuba su a nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga fuskarsa.

Masu cewa me ya kai ni taɓa motar da take lafiya, na ji. Motata ce, kuma abin da na nema ana yinsa a ko'ina a duniya ba tare da an kashe kowa ba. Laifina ɗaya na yarda da mutumin da ya yi salla a gefena. Ba rowa na yi ba, ba araha na bi ba, masu giranda N15,000 suka ce min na ƙi. Na zaɓi mai tsada don a yi daidai.

Kada ku biya kuɗin kayan da ba ku riƙe a hannu ba. Ku tsaya a kan motarku a cire tsohon a gabanku, ku sa shi a but ku tafi da shi. In sunan asusu ya bambanta da na mutum, ku bar shi.

Biki saura kwana goma sha ɗaya. Motar tana kan duwatsu a Panteka, Baba ya aika Kano da Zariya a nemo masa sifirin na salun na asali, ya ce na fikof da na wagon ba za su yi ba. In akwai wanda yake da matacciyar 504 salun a gida da bayanta bai taɓu ba, don Allah ya yi min magana, zan zo da Baba ya duba kafin na biya. Wanda kuma ya ga farar 504 mai baƙin wili a wani shafi ana tallar sauke mota, tawa ce, kada ya tura ko sisi. In kuma ya taɓa karɓar kuɗinka, ka neme ni mu haɗa takardunmu, don mai filin ya ce ni ne na uku da ya zo nemansa a watan nan.